Bijimin da Ardo Ya Bayar da Sunana

Shekarar da mahaifina ya rasu ya bar mini garke, na kora shanun daga rugarmu ta kusa da Gwandu, na bi ta Kalgo na yi yamma neman ciyawa. Lokacin Nasara ba su daɗe da jan iyaka ba, ni kuwa ina na san inda ta bi? Saniya ma ba ta sani ba. Sai ga mu a Dendi, hannun Faransa, shanuna a cikin gonar waken wani gari. Mutanen garin suka kame su kaf, suka koro ni da sandata kawai.

Na dawo na faɗi gaban Ardonmu. Tsoho ne siriri, rigarsa ɗaya, amma in ya shiga kasuwar Kalgo sai ciniki ya tsaya. Har mutanen da ba su jin harshensa sukan ba shi tabarma. Ya saurare ni, ya ce, "Tashi, kuka ba na mai shanu ba ne."

Baturen Birnin Kebbi ya ji labari, ya ce maganar iyaka tasa ce, shi zai je, Ardo ya biyo baya kawai. To, madalla. Muka tafi.

Muna isa muka tarar mahaifiyar maigari ta rasu, gari duk yana zaman makoki. Bature bai ko tambaya ba. Aka kafa masa kujera a gindin tsamiya, ya zauna da hularsa mai malafa, ya aika tafinta a kira maigari yanzu-yanzu. Kai! Mutumin da ya binne uwarsa da safe? Ko kaza ba ta zo ba. Ba mugu ba ne Baturen nan, na yarda, shi dai a garinsu haka shugaba yake: ya zauna, ya aika, a zo.

Ardo kuwa ya tuɓe takalmansa tun daga bakin zaure, ya zauna a ƙasa cikin talakawa, ya ce, "Maigari, ya haƙuri? Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta." Ya tambayi 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, ya yi addu'a. Kafin la'asar tsofaffin garin sun bar wurarensu sun kewaye shi, mata suna aiko masa da fura ta kan darni. Ina jiyo kukan shanuna a bayan gari, Ardo kuwa ko uffan bai ce a kansu ba.

Na matsa na ce, "Baffa, shanun hwa?"

Ya ce, "Rufe mini baki."

Ran sadakar uku, jama'a ta cika, sai Ardo ya miƙe ya nuna ni. Ya ce, "Wannan maraya ne, ya san zafin da maigari ke ji. A cikin shanun da ke hannunku akwai baƙin bijimi, ya ba da shi sadaka ga marigayiya."

Ni? Yaushe? Bijimin da mahaifina ya rena da hannunsa! Na buɗe baki, ya kalle ni, na rufe.

Limamin garin ya gyara zama ya ce sadaka ba ta hawa da dabbar da ke tsare, sai mai ita ya riƙe igiyarta da kansa, da yardarsa. Sai maigari ya ce, "Ardo, ka ɗaure ni. Ba zan karɓi sadakar uwata daga hannun wanda na bari tsirara ba. A kwance masa dukiyarsa, waken kuma na yafe."

Bature ya aiko tafinta yana tambayar abin da Ardo ya yi musu alkawari. Ardo ya ce a gaya masa gaisuwa muka zo. Wallahi ranar na ji girman zama ɗan ƙasarmu, a bakin mutane baƙi.

Ni na jawo bijimin da hannuna zuwa ƙofar maigari, ni na riƙe masa kai. Da aka kawo naman, maigari ya sa aka fara ajiye ƙwaryar a gabana. Na ci, hawaye na zuba, sauran shanuna suna kiwo a bayana.