Rawar Kawu a Gaban Alƙali

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutum ne da ko tafi ba ya so a yi a gidansa. Ya gama aikin gwamnati ya dawo unguwar Liman Abaji da zama, ya mayar da gidan kamar ofis. Muna yara in muka ji gyaran muryarsa a zaure, rediyo ake fara kashewa kafin a nemi ɗankwali. Da na ce zan karanta aikin lauya kuwa, cewa ya yi surutun da nake yi kyauta ne zan je a ba ni takardarsa. Na dai riƙe maganar a raina.

Ina sabon fara aiki a nan Keffi aka kama shi. Wani maƙwabcinsa na gona, wanda suka daɗe suna rikicin iyaka, ya kai ƙara cewa an sare masa itatuwan kashu, ya kuma rantse ya ga Kawu da adda a hannu ranar Asabar da la'asar. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta tsaya masa beli, domin yanzu doka ba ta hana mace. Wannan kaɗai sai da ya hana shi cin tuwo. Ni kuma aka ce in kare shi, tunda ni ce ba za a biya ba.

Na zauna gabansa na ce, "Kawu, ina kake ranar Asabar ɗin?"

Ya ce, "Ba na gona."

"Na yarda. Ina kake?"

"Inda Allah ya kai ni."

Na yi masa bayani a hankali cewa alƙali ba ya rubuta wannan a matsayin adireshi. In ba a wurin kake ba, sai ka faɗi inda kake da wanda ya gan ka, a je a bincika. In ka ƙi, ga mutum ya rantse ya gan ka, gidan yari ba ya duba furfura. Ya ɗauke kai ya ce in yi aikina.

Raina ya ɓaci sosai, tsoro kuma ya kama ni, don mutumin yana da hawan jini. Ana cikin haka wata ƙawata ta turo mini bidiyon bikin ƙaninta da aka yi a garin Garaku ranar Asabar ɗin nan, wai in ga ankon da na rasa. Ina kallo sai ga wani dattijo a tsakiyar fili, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, hula ta karkace, yana girgiza kafaɗu yana durƙusawa har ƙasa, mata na guɗa. Na mayar baya. Na sake mayarwa. Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Kawu ne! Ashe uban angon abokinsa ne tun firamare, kuma duk wani biki na danginsu Kawu ne ke buɗe fili. A gida kuwa cewa yake ya tafi Abuja bin haƙƙinsa na fansho.

Da na nuna masa, ya kalla har ƙarshe. Can ya ce, "Nawa ne hukuncin?"

Na ce zai iya kaiwa watanni.

Ya hau auna gidan yari da kunyar bidiyon. Wallahi lissafi yake yi. Ya ce, "Ba za a iya ba alƙali ya kalla shi kaɗai a ofis ba?"

Na ce a'a, shaida a bainar jama'a ake gabatar da ita. Sai mai ɗaukar hoton ya zo ya yi rantsuwa, ya kawo takardar da ke tabbatar da cewa na'urarsa lafiya take kuma ba a taɓa hoton ba, sannan a kunna kowa ya gani, har da wanda ya kawo ƙara. Gaskiya na faɗa masa, sai dai na ji daɗin faɗar.

Ranar zaman kotun majistare ta cika, don labari ya riga mu zuwa. Inna na benci na gaba. Mai gabatar da ƙara ya ce ba a ganin fuskar sosai, alƙali ya ce a sake kunnawa. Ni ma na roƙi a tsayar daidai inda Kawu ya ɗaga ƙafa ɗaya sama, don a tabbatar. Alƙalin ya dafe baki da hankici ya ce tari ne. Aka tambayi Kawu ko shi ne, ya dubi silin ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Uban ango ya ba da shaida cewa tun azahar har magariba Kawu bai bar filin ba sai don salla. Daga baya aka sallami Kawu.

A waje ya wuce ni ba ko sannu, ya hau acaɓa. Inna ta riƙo mayafina ta ce, "Ki sa mini bidiyon nan a wayata."

Na ce, "Inna, ki yi masa a hankali, yau ya sha isasshe."

Ta dube ni, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Dariyar da nake ta ɓoyewa tun safe ta ɗauke.

Ta ce, "Ba gori zan yi masa ba, 'yar nan. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin yana murna haka ba. So nake in riƙa gani."