Harshen Asabe da zoɓona

Jama'a, mafarkin da na yi daren jiya ya hana ni karyawa. Zoɓo nake sayarwa a ƙofar gida. Tun da wata muguwar mura ta ɗauke min ɗanɗano, maƙwabciyata Asabe ce harshena. Kullum in na haɗa sai na miƙa mata ludayi, ta kurɓa ta ce, "Ya yi, Maman Sadik." Ni ko gwadawa na daina. Masu saye suna ta raguwa, na ce sanyi ne.

To, a mafarkin sai ga ni a wata kasuwa cikin busasshen rafi, ba kowa sai marigayiya Innata zaune gaban ƙore uku. Ta ba ni tsamiya, na ji tsaminta rau, har na yi ƙwalla don murna. Ta ce, "Tsami sukari na gyara shi." Ta ba ni gautan ɗata, ta ce, "Ɗaci ba ya ɓuya." Sai ta ba ni ɗanyar kanya, bakina ya ɗaure tamau. Ta ce, "Wannan bauri ne. Shi ba sai da ɗanɗano ba, kama baki yake." Na ce, "Inna, me ke gyara shi?"

Sai kawai rafin ya zama ƙofar gidana. Layin mutane har kwanar titi, duk na san su. Kowa ya kurɓi zoɓona sai leɓensa ya tsuke, ya ajiye kofi a hankali ya shige gidan Asabe. Na miƙa mata ludayi, ta sha, fuskarta ta yamutse, amma muryarta garau: "Ya yi, Maman Sadik." Ina son in yi ihu, harshena ya manne.

Na farka da kiran sallar asuba. Bayan na idar na buɗe kula na kurɓi ragowar na jiya. Ban ji zaƙi ba, ban ji tsami ba, amma wallahi harshena ya kama tamau. Raina ya ɓaci, don kwanan nan Asabe ta fara sayar da nata.

Yanzu na haɗa na yau, anjima za ta yi sallama ta karɓi ludayi. Masu sanin fassara, mafarki ne kawai, ko Inna ce ta zo ta gaya min?