Ciwon Bayan Alton

Da sassafe Alton yake isowa bayan cocin unguwarmu, ya ajiye tsohuwar akori-kurarsa kusa da durom ɗin shara, ya kankare ƙanƙarar da ta kwana a kan matakala, ya watsa gishiri don kada a zame. Sai ya sauka ɗakin ƙasa ya jera kujeru. Amma ƙatuwar tukunyar dafa kofin nan ta ƙarfe, a bayan mota yake barin ta. Shekara da shekaru haka, ni kuwa ina tsallaken titi a bakin tagata ina kallo, tunda tsohuwa ba ta da barcin safe.

A ɗakin nan ne masu son rabuwa da giya suke haɗuwa kullum. Ba likita, ba fasto, su ya su ne. Sunan uba ma ba a tambaya, shi ya sa ni ma Alton kawai zan ce. Shi kansa ta ƙofar nan ya shigo, tun gashinsa yana baƙi.

Yanzu wai waya tana gaya wa mutum inda taron yake. To, tana kawo shi bakin coci, amma ba ta gaya masa ƙofar a baya take. Sabon zuwa sai ya nufi babbar ƙofar gaba, ya murɗa, ya ji ta a kulle, ya yi ajiyar zuciya: "Ai ni na zo, su ne ba sa nan." Wanda ya fi shi ƙoƙari ya zagayo baya, ya zauna cikin mota, inji a kunne. An manna takarda a ƙofar bayan, wai tana cewa a shigo. Ni ban iya karatu ba, amma waɗanda suka iya ɗin ma ban ga ta taɓa fito da su daga mota ba.

Alton ne ke fito da su. Ba ya cewa "shigo". Sai ya dafe ƙugu, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Ɗan'uwa, bayana ya riƙe. Kama mini tukunyar nan zuwa ƙasa."

Wa zai ƙi? In an sauka kuma sai ya ce, "Tunda kai ka ɗauko, ai ka ɗanɗana."

Ku tambayi Lorraine, mai gyaran gashi. Ta ce mini, "Mama, har ƙwalla na yi masa don tausayi. Washegari na gan shi ya ɗaga tayar mota da hannu ɗaya. Na ce, 'Kai, tsohon maƙaryaci!' Ya ce, 'Kofin dai kin sha.'"

Kada ku ɗauka kowa ke zama. Wasu sun ɗauki tukunyar sun koma ruwa, giyar ta kai su kabari. Baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza har ta koɗe a kafaɗa. Kai ne, Alton, kake dawowa daga maƙabarta, gari na wayewa kuma ka sake dafe ƙugu. Ni da kallo kawai nake yi na gaji.

Bana sai ga Curtis, mai walda, ɗan maƙwabciyata marigayiya. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan uwarta, ta ce ba ita ba shi sai ya daina. Ya yi ta zuwa yana zama cikin mota. Alton ya ƙwanƙwasa masa gilashi.

"Baba Alton, a unguwar nan aka haife ni fa," in ji Curtis. "Zancen tukunyarka ko karen gidanmu ya sani. Nemi wani."

Haka har sanyi ya yi nisa. Shi kuma bayan nan nasa da Alton ya daɗe yana yi wa ƙarya, sai ya riƙe da gaske. 'Yarsa ta ce za ta tafi da shi kudu, inda ba ƙanƙara.

Ranarsa ta ƙarshe Lorraine ce ta saukar da tukunya. Alton ya tsaya a bakin matakala da sandarsa, ya riƙe ƙarfen dafawa, ya kasa taka ta farko. Bai ko dubi motar Curtis ba. Curtis ya sauke gilashi.

"Yau kuma wace ƙaryar ce?"

"Ƙarya ta ƙare, yaro. Ƙafar ce ta ƙi."

"Kira Lorraine mana."

"An fara taro. Ba na katse wa mutum magana."

Iska tana ta kaɗa masa wando. Can na ji inji ya mutu. Curtis ya fito yana tsaki, ya riƙo hannunsa.

"Ƙasa kawai zan kai ka in fito."

"To."

Shayina ya huce ina kallon ƙofar nan. Bai fito ba sai da kowa ya fito, kuma shi ne rungume da tukunya. Ko zai dawo gobe, ban sani ba. Ko ƙafar ta ƙi da gaske ranar, ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

Mun gode, Alton, sarkin ciwon baya. Je ka huta, ka sha rana. Ku kuma da ya saukar da ku matakalar nan, masu jera kujeru ba su yi kaɗan ba. A waje ne babu kowa. Jiya ma na ga wata farar mota ta tsaya, inji a kunne, ta daɗe, ta juya. A samu wani a cikinku bayansa ya riƙe.