Takalman da Meliton Ya Saya

Shekara arba'in Doña Eufrosina Zárate tana ɗinki a garin Tlacolula, keken ɗinkin nan kuma shi ne cinta, shi ne shanta. Mijinta, Don Meliton, direban motar haya ne mai son nuna katin banki a gaban mutane. Da ya rasu a watan Satumba, ya bar mata hularsa da bashin katin.

Ƙa'idar bankin a fili take: mutuwa tana shafe bashin mai kati, muddin ba a sake taɓa katin bayan rasuwarsa ba.

Sai Ranar Matattu ta zo, bikin da ake shirya wa kowane mamaci tebur a jera masa abubuwan da yake so. Eufrosina ta ƙawata teburinsa da furanni masu ruwan ɗorawa, ta sayo masa kwalbar giyar mezcal da taba da burodin matattu. Da katinsa ta biya, domin Meliton bai taɓa yarda mace ta saya masa abin sha ba.

"Ke, Frosina, kanki ɗaya kuwa?" in ji aminiyarta Chabela mai tuyar wainar masara ta tortilla. "Gawa kika aika kasuwa?"

"Kayansa ne, ƙawata. Ya biya abinsa."

Da banki ya kira ta kan taɓa katin, wata ma'aikaciya ta karanto mata sayayyar ɗaya bayan ɗaya, Eufrosina tana gyaɗa kai. Daga ƙarshe ma'aikaciyar ta ce, "Sai baƙaƙen takalman mata, daga wani shago a birnin Oaxaca, washegarin bikin."

"Ban je Oaxaca ba, 'yata."

"To sai ki sa hannu cewa sata ce, Doña, mu bincika. Idan kuwa daga gidanku ne, ke za ki biya, har da sauran."

Eufrosina ta san takalman nan. Tun safiyar da ta kwashe teburin ta ga takalman a bakin ƙofa, sababbi, daidai ƙafarta. Ta ɗauka ɗiyarta ce ta aiko. Kuma tun suna matasa Meliton yake mata alkawarin takalmin tafiya, yana cewa ran da ya sami wuri mai kyau zai dawo ya ɗauke ta.

"Mijina ba ɓarawo ba ne," ta ce. "Zan biya."

Keken ɗinkin ne ya tafi wajen biyan bashin. Ranar da aka zo ɗaukarsa, Chabela ta tsaya a tsakar gida tana tafa hannu.

"Yana raye kin biya masa, ya mutu kin biya masa! Aƙalla ki sa takalman mu gani."

"Ba yanzu ba."

Har yau ba ta taɓa zura ƙafa a cikinsu ba. Kowace safiya takan tarar da su a bakin ƙofa suna fuskantar titi. Sai ta sunkuya, ta juyo da su suna kallon ɗaki, sannan ta ɗora ruwan kofi.