Daminar da 'yar aike ta yi ta cewa babu saƙo

Shekarun baya, a wata damina da ruwa ya sauka da wuri, gidanmu na Roni ya yi mini faɗi. Autata ta tare a ɗakinta a Gwiwa, maigidana Malam kuma harkar dabbobi ta riƙe shi a Babura, sai a jima bai leƙo ba. Daga ni sai kaji, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Ɗana na fari yana ƙasar waje, yana aikin kwamfuta. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba. In ya bugo waya ranar Juma'a, gaisuwa ce kawai, daga nan sai shiru, kowa yana jin numfashin kowa, har ya ce, "To Inna, sai an jima." Amma a rubuce bakinmu yana buɗewa. Ya ba ni labarin sanyin garin da abincinsu marar yaji, ni kuma in gaya masa akuyar da ta haihu.

Kafin ya tafi ya buɗe mana imel guda ɗaya, na gida, ya sa a wayata da ta babansa. Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, na yi shi da goyo a baya. Ina karantawa, amma a hankali, kuma ƙananan baƙaƙen waya suna sa ni hawaye. Sai ya sa mini irin na'urar nan da ake yi wa magana ta amsa. Na raɗa mata 'yar aike. In na ce ta dubo, sai ta je akwatin ta ɗauko saƙo ta karanta mini. Ya ce aikinsa a can ma shi ne rubuta bayanin abin da yake ɗauko saƙon, don mutane da na'urori su san yadda za su yi da shi. Ya juya mini bayanin da Hausa, aka buga a Kazaure da manyan baƙaƙe. Yana dariya ya ce ni ce mai duba jarrabawarsa, in na gane, kowa zai gane.

Da fari lafiya lau. Ana shiga noman farko, sai 'yar aike ta fara cewa babu sabon saƙo. Yau babu, gobe babu. Nakan gama ba kaji tsaba in tambaye ta, in sake tambaya bayan la'asar, kamar mai jiran ta canza ra'ayi.

Na ɗauko takardar bayanin na bi ta da yatsa, layi-layi, yadda malamarmu ta koya mana. Gaskiya ya iya rubutu. Inda zan taɓa, abin da zan ce, abin yi in babu sabis, duk ya faɗa. Na yi komai daidai. To tunda ni ban yi kuskure ba, takarda ma ba ta yi ba, sai na ce a raina yaron ne ya gaji. Ya yi sababbin mutane, me zai yi da labarin akuya? Na daina aika nawa don kada in zame masa kaya. Juma'a ta zo, mu gaisa, mu yi shirunmu. Tambayar tana bakina, amma ina ni ina tambayar ɗan fari don me bai neme ni ba.

Gero ya fara fitar da kai Malam ya dawo. Yana cin tuwo da rana ya ce, "Kin ga yaron nan cikin ƙanƙara kuwa? Ya naɗe kamar dami."

Na ce a ina?

Ya ce a saƙon mana, ai kullum sai ya turo. Ashe Malam ya sake waya a Babura, sabuwar kuma tana nuna masa jan ɗigo duk sanda saƙo ya shigo. Shi ba ya karatun boko, kuma ba ya son ɗigon. Da asuba yakan buɗe, ya kalli hoto in akwai, ya rufe, ya tafi kara wajen cinikin dabbobi, yana cewa ai ni ana karanta mini. Ita kuwa 'yar aike, wanda ba a buɗe ba kaɗai take ɗaukowa. Wannan ne takardar ba ta faɗa ba.

Na shiga ɗaki na ce mata ta kawo har waɗanda aka riga aka buɗe. Ta yi ta karantawa har inuwa ta juya. Na farkon dogaye ne. Suna tafiya suna gajarcewa. Na ƙarshen cewa ya yi, "Inna, in surutuna ya yi yawa, zan rage. Na san kunyarki."

Har yau in na tuna, ba haushi nake ji ba. Ya rubuta bayaninsa kamar kowa da akwatinsa shi kaɗai, ya manta a gidanmu ko buta ba ta da mai ita. Ni kuma na yarda da takarda fiye da yadda na yarda da abin da na haifa. Mu uku muka yi damina guda kowa yana yi wa wani kawaici.

Washegari da safe, ko kajin ban buɗe ba, na zauna a bakin ƙofa na ce wa 'yar aike ta rubuta. Na ce jarrabawarsa ta yi kyau, amma ya ƙara layi ɗaya: in wani ya riga ka buɗewa, ba za a kawo maka ba, kuma ba za a gaya maka ba. Sannan na ce kada ya rage komai. A da amsa saƙonsa kawai nake yi, wannan kuwa sabo ne, sai ta tambaye ni wa za ta aika wa. Na waiga, Malam yana bayan gida, tsakar gida ba kowa. Sai na faɗi sunansa.