Kilomita Ukun Herminia

Dutsen alamar da ke ƙofar gidan Herminia Lourido lamba casa'in da bakwai aka rubuta a jikinsa, wato kilomitan da suka rage matafiyi ya isa birnin Santiago na ƙasar Sifen ke nan. A gidan aka haife ta, a nan mijinta Eladio ya tare bayan aurensu, a nan kuma ta tsufa. Tana yarinya ɗai-ɗai maziyarta suke wucewa da sandunansu, sun nufi kabarin Waliyyi Yakubu da ke Santiago. Da tafiya ta yi tafiya hanyar ta koma kamar ranar kasuwa, sai ta kafa tebur a ƙofar gida, cukun shanunta a dama, hatimi a hagu. Hoton saniya ne a jikin hatimin, Eladio ya sa aka sassaƙa mata shi.

Ko yaron goye a ƙauyenmu na Outeirelo ya san ƙa'ida: mai son takardar shaidar ziyara sai ya taka kilomita ɗarin ƙarshe da ƙafarsa, ana buga masa hatimi biyu kullum a ɗan littafinsa. Herminia ta riƙe ƙa'idar nan fiye da waɗanda suka kafa ta. Ba ta duban fuskar mutum, takalminsa take fara dubawa.

"Ɗana, wannan takalmin naka ko kashin saniya bai gaisa da shi ba," haka take cewa. "Tasi ce ta sauke ka a bayan coci, na ji rufe ƙofar. Sayi cuku in kana so, hatimi kam babu."

Shi Eladio mutumin kirki ne, amma akwai shi da jan ƙafa. Shekarar da zazzaɓi ya kusa ɗauke 'yarsu Uxía tana jaririya, ya durƙusa a coci ya yi alkawari, in yarinyar ta tashi zai je Santiago a ƙasa. Yarinya ta tashi. Daga nan sai baɗi. Bana ciyawa ba ta bushe ba, bana saniya za ta haihu, bana gwiwa. Shekara arba'in da ɗaya hanya tana wucewa ta ƙofar gidansa yana ɗaga mata hannu. Ranar da zai rasu ya kama hannun matarsa ya ce, "Herminia, ban je ba." Wannan maganar ta tsaya mata a rai, ta hana ta sakat.

Da Fada, limamin cocinmu, ya gaya mata ana iya yin ziyarar a madadin mamaci, har a rubuta sunansa a takardar, sai ta ɗauko sandar Eladio daga bayan ƙofa. Shekarunta saba'in da huɗu a lokacin.

"Mama, bari in kai ki dutsen ɗari a mota," in ji Uxía. "Minti biyar ne. Daga can ake ƙirgawa."

"In hau mota in je in fara alkawarin ubanki a ƙofar wani? Kakata daga bakin murhun nan ta tashi, ba wanda ya auna mata ƙasa da igiya."

"Ba za su ba ki ba fa."

"Su wa? Ni da na shekara talatin ina yi musu aiki?"

Ta yi kunnen uwar shegu, ta buga wa kanta saniyarta a shafin farko, ta kama hanya. Kwana shida ta yi. Ba ta tsallake hatimi ko ɗaya ba, kuma duk inda aka ɗora mata cuku a faranti sai ta gaya musu gishiri ya yi yawa.

A ofishin da ake ba da takarda, layi ya kai ta gaban wani dattijo mai sanƙo da tabarau. Yana buɗe littafin ya yi murmushi.

"Iya, ashe ke ce mai saniyar nan! Kullum sai na gan ta sau ɗari." Sai murmushin ya ragu. "Amma a nan kika fara? Outeirelo casa'in da bakwai ne. Saura uku."

"Uku? Malam, ukun nan na taka su a bayan shanu tun kafin a yaye ka. Safe da yamma, cikin ruwa da sanyi. In za a tara, na je Santiago na dawo sau dubu!"

Dattijon ya cire tabarau ya ce a hankali, "Na yarda, Iya. To amma da wani zai zo teburinki da saura uku, za ki buga masa?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Kunya ta kama Herminia, haushi kuma ya fi kunyar, don ta san gaskiya ya faɗa. Ta warce littafinta ta ce, "Kada ka ba kowa kujerar nan, ina dawowa."

Bas ta hau ta koma gida, ba takarda. Uxía ta zuba mata miyar kabeji, ta jira sai da ta ci rabi sannan ta rage murya.

"Mama, ina da ƙawa mai shago can wajen dutsen ɗari. Za ta buga miki hatimi da tsohon kwanan wata, ni kuma in mayar da ke a mota. Wa zai sani?"

Herminia ta ajiye cokali. "Ubanki ya shekara arba'in yana yi wa waliyyi sai baɗi, ni kuma in kai masa ƙarya in ce ga cikon? Ke aka yi wa alkawarin nan, 'yar nema. Je ki karɓo mini sabon littafi wajen Fada."

Kwana biyu ta jiƙa ƙafafunta a ruwan gishiri. A rana ta uku da hantsi muka gan ta ta fito, ta juya wa Santiago baya, ta nufi gabas. Duk kibiyoyin da aka zana a bango suna nuna yamma, duk jama'a yamma suke kwarara, ita kaɗai take keta su da sanda.

"Iya, kin ɓata! Santiago can ne!" suke ta kira, wasu har da jan hannun riga.

"Ku ne baƙi," take ce musu. "Ni na san inda na dosa."

Ta isa dutsen ɗari, ta ƙwanƙwasa shi da sanda sau uku, ta shiga shagon da ke gefe aka buga mata hatimi da kwanan watan gaskiya, ta juyo. Kafin azahar sai ga ta a ƙofar gidanta cikin ayari, kamar kowace baƙuwa. Uxía ce a kan tebur. Herminia ta miƙa littafi ba tare da ta leƙa cikin gida ba.

Uxía ta ɗaure fuska, idonta cike da hawaye, ta ce, "Mu ga takalmi tukuna."

Tsohuwar ta ɗaga ƙafa, taɓo har idon sawu. Aka buga mata saniya.

Wannan karon kwana bakwai ta yi, ruwa ya dake ta tun daga garin Melide, farcen babban yatsanta ya fita a garin Arzúa. Dattijon nan ta sake samu. Ya bi hatiman ɗaya bayan ɗaya da yatsa, don ya san in ya yi mata sassauci ba za ta yafe masa ba. Ya rubuta sunanta, a ƙasa kuma ya rubuta na Eladio, ita tana tsaye a kansa kada ya yi kuskure.

Da ta dawo ba ta biya ta gida ba, makabarta ta wuce. Ta warware takardar a gaban kabarin, ta riƙe ta da hannu biyu saitin sunansa.

"Ga shi nan, malalaci," ta ce. "Shekara arba'in da ɗaya kana sai baɗi, yanzu ka je sau biyu a wata ɗaya."

Sai ta zauna a ƙasa ta cire takalman, ta yi kukan da ta hana kanta ranar da aka binne shi.