Ranar da Muka Sassauta wa 'Yan Mafaza

Filin ƙwallon kwando na kwalejinmu ta 'yan mata a Gadarif siminti ne da aka zuba a kan baƙar laka, kuma lakar garinmu ba ta da amana. Da damina ta kumbura, da rani ta dare, simintin ya bi ta. Mu da muke kansa kullum mun haddace tsagogin, mun san inda ƙwallo za ta karkace in ta bugi ƙasa. Baƙi ba su sani ba. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka mu wasu gwanaye ne na ƙin ƙarawa. Dogaye ne mu, gaskiya, kuma yawancinmu 'ya'yan manoma ne da suka saba da rana, amma filin ma yana taya mu.

A shekarata ta uku ni ce kyaftin. A lokacin ina jin kaina ƙwarai, kuma ina da wani hali da har yau bai sake ni ba: in na ga mutum cikin damuwa sai na tsoma baki, ko an kira ni ko ba a kira ni ba.

A shekarar ne wata ƙaramar kwaleji ta can wajen Mafaza ta kafa ƙungiya, suka zo yin wasan sada zumunci da mu. Su bakwai ne da malamarsu. Sun sauko daga mota da la'asar, ƙura har a girarsu, aka raba su a ɗakunanmu na kwana. Kyaftin ɗinsu ta faɗo ɗakina. Gajera ce, kafaɗarta iyakar haƙarƙarina, ga idanu masu kaifi. Na yi mata sannu da Larabci, ta amsa, sai na ji ta ce wa ƙawarta da Hausa ta miƙo mata jakarta. Shi ke nan na saki Larabcin. Kafin shayi ya huce mun gano kakanninmu sun taɓa yin kiwo a gefen kogin Rahad a zamani ɗaya.

Muna cikin shan shayin ne ta gaya mini abin da ke cin ta.

"Ya ukhti, 'yar'uwata, gobe innata za ta zo," ta ce. "Tun daga Mafaza, a lori."

Na ce ai abin murna ne.

Ta girgiza kai. Mahaifiyarta, in ji ta, ita ce shugabar matan unguwarsu masu yankan riɗi. Duk kaka takan kwashi mata ashirin ko fiye su tafi manyan gonaki, wani lokaci har Gadambaliya, kuma 'yarta ce hannun damanta. Riɗi ba ya jira. In ya nuna aka yi jinkirin kwana biyu sai ya fashe ya zube ƙasa. To, ga shi malamar wasa tana son 'yan ƙungiya su riƙa zama a kwaleji lokacin hutun kaka don horo. Uwar ba ta hana ba, ba ta kuma yarda ba. Cewa ta yi za ta zo ta gani da idonta. In abin aiki ne, ta bar mata 'yarta. In wasan yara ne, khalas, shi ke nan, ta ajiye ƙwallo ta ɗauki lauje.

"Wata huɗu kacal muka yi muna koyo," ta ce. "Na san za ku cinye mu. Amma wallahi ina son abin nan."

Tausayinta ya kama ni. Tun kafin in wanke kofunan na riga na yanke abin da zan yi.

Ni ma a gonar riɗi na tashi. A wurinmu in ana yanka, kowace mace da layinta, kuma ba a barin wadda ta gaza ta ƙarasa ita kaɗai a tsakiyar rana mutane suna kallon bayanta. Masu sauri sukan kai mata ɗauki. Da wannan na girma, da wannan kuma na tara 'yan wasanmu da safe a bayan ɗakin cin abinci. Na ce musu baƙinmu ne, 'yan'uwanmu ne, uwar ɗaya tana zuwa kallo, ba za mu tozarta su ba. Za mu ci, amma da sassauci. Duk suka gyaɗa kai, don kusan dukkanmu daga irin gidajen nan muka fito. Ba mu gaya wa ustaza, malamar da ke horar da mu, ba.

Da yake filin a cikin katangar kwaleji yake, mata zalla ne 'yan kallo. Ɗalibai sun cika benci, wasu sun hau matakalar aji. Uwar ta iso ana gab da farawa. Ba sai an nuna mini ita ba. Siririya ce, baƙa, tob ɗinta, wato mayafinta mai ruwan ƙasa, ya ƙoƙe da wanki. An kawo mata kujera ta ce a'a, ta shimfiɗa ɗankwali a gindin dalbejiya ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannuwa a cinya.

Zangon farko ba mu iya riƙe kanmu ba. Hannu ya saba. Duk ƙwallon da ta dawo daga kwando ni nake cafewa ba tare da na yi tsalle ba, tsagar fili kuma tana ƙwace musu sauran. Da aka busa usur, ɗalibar da ke rubuta maki da alli a allo ta rubuta ashirin da biyu a gefenmu, ta bar nasu gefen wayam. Na dubi 'yan wasanmu, na ɗaga musu gira.

Abin da muka yi a zango na biyu, har yau in na tuna sai in rufe fuska ina dariya. Ba mu iya ƙarya ba ko kaɗan. Wadda ba ta taɓa kuskuren jifa daga kusa ba ta harba ƙwallo ta tsallake allon kwando gaba ɗaya. Wata ta miƙa wa baƙuwa ƙwallo a hannu, saura kaɗan ta ce mata bisimilla. Ni kuwa da kyaftin ɗinsu ta taho, sai na ɗaga hannuwa kamar mai shanya, na karkata gefe na buɗe mata hanya. Ta jefa ta shiga. Ta sake tahowa na sake buɗewa. Ɗalibai suka yi ta tafi, suna guɗa. Ustaza ta naɗe hannu a ƙirji tana kallona. Ni kuma zuciyata fari tas, ina ganin na yi aikin lada.

Aka busa hutun rabin lokaci. Ina goge gumi na hango uwar ta tashi, ta kakkaɓe ɗankwalinta, ta gyara tob, ta nufi ƙofa.

Kafin in gane me ke faruwa, 'yar ta iso gabana. Idanunta sun yi ja.

"Me na yi miki?" ta ce. "Na ci abincinki, na gaya miki sirrina, shi ne za ki mai da ni abin dariya?"

Na ce taimakonta nake yi.

"Taimako? Matar nan shekara talatin tana tsaye a kan masu yanka. Daga nesa take gane wadda ke kaɗa lauje a iska. Kina tsammanin ba ta gan ku ba?"

Ban tsaya neman izinin ustaza ba, na ruga da gumina na tarar da uwar a bakin ƙofa, tana jiran mai gadi ya zare sakata. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a hankali, ta dube ni tun daga takalmi har ɗankwali.

"Ke ce doguwar da ke buɗe hanya," ta ce.

Na ce ni ce, Inna. Na yi mata bayani da sauri, na kawo maganar gona, na ce ai haka aka koya mana, ba a barin mai rauni a baya.

"'Yar wane gida ce ke?"

Na faɗa mata unguwarmu.

"To, ya bitti, 'yata, rabin abin kika koya. A gona, wadda ta fi sauri tana gama layinta ne tukuna, da dukkan ƙarfinta. In ta kai ƙarshe sai ta juyo, ta shigo layin 'yar'uwarta daga can ɗaya bakin, kowa yana gani, su haɗu a tsakiya. Ba a rage hannu don a jira mutum. Wadda ta rage hannu ta cuci mai gona, ta kuma gaya wa 'yar'uwarta cewa ba ta kai a yi aiki da ita ba." Ta gyara bakin tob ɗinta. "Na zo ganin aiki. Ban ga aiki ba."

Ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Na roƙe ta ta ba mu rabin da ya rage. Ta dubi mai gadi, sannan ta ce ba za ta koma ta zauna ba, amma lorin ba ya tashi sai bayan azahar. Ta jingina da ginshiƙin ƙofar, daga nan ana hango fili.

Na koma na tara 'yan wasanmu. Ustaza ta ce, "Kun gama wasan kwaikwayon?" Na ce mun gama. Ta ce, "Tamam, madalla. Yalla, ku shiga."

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin kallo ga mai tausayi. Muka rufe su ruf. Ɗalibar allo ta gaji da gogewa, alli ya ƙare mata, aka aiko da wani daga aji. Benci ya yi tsit, don ko 'yan kwalejinmu sun daina murna. Amma baƙin ba su tsaya ba. Kyaftin ɗinsu ta manne mini kamar ƙaya a zane. Na ture ta ta faɗi, gwiwarta ta goge a siminti, ta tashi da jini tana kiran 'yan wasanta su koma baya. Sau huɗu ta taho kwandonmu, sau huɗu na doke ƙwallon daga hannunta, na ƙarshen har sai da ta faɗa cikin 'yan kallo. Duk bugun da na yi sai na ji shi a raina, amma ban rage ba.

Ana saura kaɗan a tashi, ta sake tahowa. Ashe duk wannan faɗuwar tana karanta filin. Ta buga ƙwallon daidai kan babbar tsagar da ke gefen hagu, wadda nake taƙama ni kaɗai na san ta. Ƙwallon ta karkace, na bi ta inda ya kamata ta je, ita kuwa ta bi ta inda ta tafi. Na juyo na yi tsalle iyakar ƙarfina, yatsuna suka shafi iska. Ƙwallon ta zagaya bakin ƙarfen sau ɗaya ta faɗa ciki.

Mun ci su da ratar da ta haura sittin. Ba na tuna adadin daidai, ita kuwa na san tana tunawa.

Bayan an gaisa, muka tafi ƙofa tare, tana ɗingishi. Uwar tana nan inda na bar ta. Ta sunkuya ta duba gwiwar, ta danna gefen ciwon da babban yatsa, ta ce ba komai ba ne.

"Inna, na ci uku," in ji 'yar, a hankali.

"Ɗaya na gani," uwar ta ce. "Biyun farko na wannan doguwar ne, ki mayar mata." Ta ɗauki ƙullinta. "Bana zan nemi wata ta riƙe mini layinki."

Sai da ta yi taku biyu sannan 'yar ta gane abin da aka ce mata. Ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da hannuwa. Uwar ta waiwayo ta dube ni, ta ce, "Ke kuma kin gama naki layin. Saura me?"

Hutun kakar nan a Mafaza na yi shi, ni da wasu biyu daga ƙungiyarmu. Filinsu ƙasa ce da aka daddaɓe, kwandon kuma wani maƙeri ne ya lanƙwasa musu. Mako uku muna koya musu tarewa da cafewa da sassafe, da yamma mu gangara bakin Rahad. Har gona na bi uwar rana ɗaya, ta kalli yankana ta ce gara da na kama ƙwallo.

Shekaru sun tafi. Na zama malama, ina horar da 'yan mata a filin nan mai tsagogi, kyaftin ɗin nan ma tana horar da nata a can. 'Ya'yanta suna kirana khala, wato 'yar'uwar uwarsu. Uwar ta tsufa, ta bar wa wata shugabancin, amma duk kaka sai buhun riɗi ya iso gidana.

Wasanmu na ƙarshe kafin al'amuran ƙasa su rikice, ita ce ta zo da dogaye, ni kuma nawa duk sababbi ne, 'yan shekarar farko. Kafin hutun rabin lokaci sun ba mu ratar talatin. Ina ba yarana ruwa sai na ji wata daga cikin nata tana tambayarta, "Ustaza, mu ɗan sassauta musu?" Da ƙawata ta tashi amsawa ba ta ko rage murya ba, ta san ina ji.

"Wadda ta sassauta, benci," ta ce.

Na ɗago na dube ta, ta dube ni. Na ɗora hannu a ƙirji na gode mata, sannan na juya na ce wa yarana su ɗaure takalmansu.